Yadda Ɗan Kasuwa a Legas Zai Mayar da Wayarsa Rumfa ta Biyu

Matar da ke zaune a Lekki ba ta da niyyar ɓata rabin yininta a cunkoson titin Ikorodu don ta sayi kwandon tumatir a Mile 12. Waya take ɗauka ta yi oda, a kai mata har ƙofar gida. Wanda take yi wa odar kuwa sau da yawa ba shi da rumfa, ba shi da ko buhun albasa guda nasa. Da asuba yake zuwa wurinka, ya ɗauki hoton kayanka, ya ɗora nasa kuɗin a kai, ya sayar kafin ya biya ka. Ba zalunci ya yi ba, ribar ƙafa ya ci. Amma kai da ka haɗa kuɗin mota tun daga Kadawa ko Aleiro, ka kwana kana jiran tirela, kai ya kamata lambarka ta kasance a wayar matar nan.

Hanyar ba ta da wuya, sai dai tana da jeri. Wanda ya fara da talla a intanet kafin ya gyara yadda yake karɓar kuɗi, 'yan damfara ya tara wa.

Fara da raba aljihu

Buɗe asusu wanda kuɗin kasuwa kaɗai ke shiga. Kada kuɗin cefanen gida, da na adashe, da wanda za a aika wa Inna a Sakkwato su bi ta cikinsa kai tsaye. Idan za ka ɗauki na gida, tura wa kanka a wani asusun, ka san ka ɗauka.

Za a nemi BVN da NIN. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, babba kuwa sai duka biyun. Idan ka manta lambobinka, danna *565*0# don BVN, ko *346# don NIN, a layin da ka yi rajista da shi. Nan ne 'yan'uwanmu da yawa ke maƙalewa: a BVN sunansa Muhammadu Sani, a NIN Mohammed Sanni, ranar haihuwa ma kowanne da tasa. Gyara wannan tun da wuri, kafin kuɗi mai kauri ya shiga a riƙe maka asusu ana tsakiyar ciniki. Layin wayar ma ya zama da sunanka aka yi masa rajista, ba na wani yaro da ya koma gida noma ba.

Shawarata ita ce ka riƙe asusu biyu: ɗaya a cikin kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su Moniepoint, OPay ko PalmPay, saboda saurin shigar kuɗi, ɗaya a cikin manyan bankunan kasuwanci, inda za ka riƙa kwashe cinikin yini. Wanda ya ga watannin farko na 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, manhajojin bankuna suka riƙa tsayawa, kayan gwari suna ruɓewa a rumfa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Akwai kuma batun inshora. A 2024 hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya rushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa. Uwar kuɗinka idan ta wuce haka, kada ka jibge ta wuri guda.

Karɓar kuɗi: nan ne ake yin kuka

Doka ɗaya ce, ka koya wa duk wanda ke tsaya maka a rumfa: kaya ba sa tashi sai ka ga kuɗi a cikin manhajarka, da idonka, a wayarka. Hoton rasit da kwastoma ya nuna maka ba kuɗi ba ne, yaro ma zai iya ƙirƙirarsa. Saƙon tes mai kama da na banki ba kuɗi ba ne, ana iya turo shi da sunan bankinka. Buɗe manhaja, duba abin da ya rage a asusu, ka ga ya ƙaru da daidai adadin, ka ga sunan wanda ya turo.

Masu alat na bogi sun san lokacin da suke zuwa. Suna zuwa sa'ad da mutum biyar ke kanka, ko ana kiran magariba kana neman buta. Za su zo da ɗan dako a shirye, suna ta sauri, suna cewa sabis ne ya riƙe, zai shigo. Amsarka kada ta wuce: “Madam, zauna ga kujera, in ya shigo sai a ɗauka.” Mai gaskiya zai jira. Gaskiya ne tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda aka fara a 2011, yakan yi jinkiri wani lokaci, amma jinkirin ba naka ba ne da za ka biya shi da buhun tattasai.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan muni. Wani zai turo maka fiye da kuɗin kaya, ya ce kuskure ne, ka mayar masa da ragowar a wani asusu daban, ko ka ba shi a hannu. Kuɗin sun shigo da gaske, amma mai yiwuwa na sata ne, kuma ranar da mai su ya kai ƙara, asusunka za a bi a rufe. Idan za ka mayar, mayar wa asusun da ya turo, da sunan da ya turo, ko ka je banki su yi da kansu.

Na'urar POS tana rage wannan wahalar, domin yawancin na yanzu suna da lambar asusunsu, kuma tiransifa na shigowa na'urar take nunawa ta fitar da takarda. Amfaninta babba shi ne yaron shago zai iya tabbatar da biya ba tare da ka ba shi wayarka ko lambar sirrinka ba. Kafin ka karɓa, yi tambaya uku: nawa ake cira a kowane ciniki, yaushe kuɗin ke sauka a asusu, kuma akwai adadin cinikin da in ba ka kai ba za a ƙwace na'urar? Wakilin da ke yawo da su kasuwa kamasho yake nema, ba lallai ya faɗa maka na ukun ba. Ka tuna da harajin naira 50 da gwamnati ke ɗauka a kan tura kuɗin da ya kai dubu 10. Ƙarami ne, amma mai yawan tura kuɗi ya sa shi a lissafi.

Idan na'ura ta ce ciniki bai yi ba, kwastoma kuma ya ce an cire masa, kada ka ba da kaya. Ba shi takardar da ta fito, bankinsa ne zai mayar masa. Kuma tun 2024 hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ta matsa wa masu POS su yi rajistar sana'a. Ko ba don haka ba, rajistar sunan kasuwanci tana da amfani: baƙon kwastoma ya fi sakin jiki ya tura dubu 200 idan sunan da ya fito ya dace da na allon rumfarka.

Sai ka buɗe rumfar waya

Sauke WhatsApp Business, kyauta ne, tun 2018 yake. Sa masa layi daban da na iyali. Rubuta sunan shago, da inda kake daidai yadda baƙo zai gane, da lokacin da kake buɗewa. Abu na farko bayan haka, kunna tsaro mai hawa biyu, ka zaɓi lamba shida da kai kaɗai ka sani. Duk wanda ya kira ka ya ce an sa ka a taron ƙungiya ko tallafi, ka karanto masa lambar da aka turo maka, layinka yake son ƙwacewa ya roƙi kwastomominka kuɗi da sunanka.

Hoto: ɗauka da safe a hasken rana, na kayan da ke gabanka yau. Kada ka ari hoton intanet. Tumatirin da aka gani a waya ja wur, aka kai shi ya yi laushi, ciniki ɗaya ke nan, ba za a sake ba. Gajeren bidiyo da kake juya kwando ana ganin ƙasansa ya fi hoto goma, don kowa a Legas ya san dabarar jera masu kyau a sama.

Sa farashi a fili. Na san wannan yana yi wa mutanenmu nauyi, mun saba da “taya” da “albarka”, kuma maƙwabci zai gani. Amma mai saye a waya ba ta da haƙurin ciniki, in ba ta ga kuɗi ba gaba take yi. Kuma yi mata magana da ma'aunin da ta sani. Tiya da mudu na gida ne, a nan derika ake ji, da bokitin fenti, da kilo. Sayi ƙaramin sikeli. Idan rubutun Turanci yana ba ka wuya, saƙon murya da burokin ya wadatar, ko ka sa yaron da ya yi boko ya shirya maka amsoshi uku da kullum ake tambaya: farashi, lambar asusu, kuɗin kai kaya. Manhajar tana da wurin ajiye su.

Kwastomomin farko suna gabanka tuni. Duk wadda ta saya a rumfa, musamman masu gidajen abinci da masu dafa na biki, karɓi lambarta, ka roƙe ta ta ajiye taka. Wannan ajiyewar ita ce komai, domin sitatus ɗinka da saƙon bai-ɗaya, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri guda, ba sa isa sai ga wanda ya ajiye lambarka. Sau ɗaya a yini ya isa. Kuma a raba layin kasuwa da siyasa da labaran da ake yaɗawa.

Hajiyoyin Agege da Idi-Araba masu turaren wuta, humra, atamfa da kilishi sun riga maza a wannan fage, daga cikin ɗaki suke sayarwa har Abuja. Gare su Instagram da TikTok sun fi amfani, don kayansu ido ne ke saye.

Kai kaya

Kada ka ɗora kaya a kan ɗan acaban unguwa ka ce ya kai Ikoyi. Gwamnatin Legas ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland tun 1 ga Yunin 2022, a Satumba ta ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Mile 12 kanta a Kosofe take. In aka kama babur, har da kayanka. Nemi masu baburan kai saƙo na kamfani, masu akwati a baya da takardunsu, ka riƙe lambar mutum biyu ko uku. Kaya masu nauyi kuwa, tara odar yanki guda, Lekki da Ajah rana ɗaya, Ikeja da Ogba wata rana, ka ɗauki ƙaramar mota su raba kuɗinta.

Faɗa wa kwastoma kuɗin kai kaya daban da na kaya, tun kafin ta biya. Misali, in kaya na dubu 30 ne, kai wa dubu 4, rubuta su layi biyu. Kayan gwari su fita da sassafe, kafin gadar Third Mainland ta cushe rana ta dafa su a akwati, kuma a kiret ɗin roba, ba kwandon da ke matse na ƙasa ba. Ɗauki hoton kaya a hannun mai babur, tura wa mai su tare da lambarsa.

Biya bayan an kai? Ga wanda ka sani, to. Ga baƙo, aƙalla ya ba da kafin alƙalami wanda zai rufe kuɗin babur zuwa da dawowa. Kayan da za a aika Arewa kuwa, webil ɗin tasha, wato ba motar haya saƙo, har yanzu shi ne mafi arha, sai dai kaya mai tsada ya fi dacewa da kamfani irin GIG Logistics, mai ba da lambar bin sawu.

Littafi

Kowane dare, minti goma: abin da ya shigo a asusu, abin da ya shigo a hannu, wa ya ci bashi. Littafin makaranta ma ya isa, muddin bashi yana da suna da rana da adadi, kuma ka tura wa mai shi a WhatsApp ya amsa da “na gani”. Wannan amsar ta fi shaidu biyu da za su ce sun manta. Ranar fitar da zakka ma za ka ga sauƙinsa.

Da cinikinka ya fara gudana ta asusu, manhajoji za su fara yi maka tayin rance, domin sun ga abin da ke shiga. Yawancinsu da ruwa ne. Mai gudun riba ya tafi da takardar tarihin asusunsa bankin Jaiz, TAJ ko Lotus ya tambayi tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko.

Manyan kasuwannin intanet sai a ƙarshe, in ma da buƙata. Jumia, wadda aka kafa a Legas a 2012, tana da masu saye da yawa, amma tana ɗaukar la'ada, kuma ta fi dacewa da abin da ba ya lalacewa: takalmin fata, jaka, kayan waya daga Computer Village. Jiji talla kawai take ɗora maka, mai so ya kira ku daidaita, don haka ta dace da ragunan layya ko buhunan wake. Mai kantin kayan masarufi kuma ya gwada farashin kamfanoni irin TradeDepot da OmniRetail, waɗanda ake yi wa oda a waya su kawo katan har shago. Wani lokaci dilan da ka saba da shi ya fi su arha, kuma yana ɗaga maka ƙafa zuwa Juma'a, don haka lissafa kuɗin motar da kake kashewa zuwa sari kafin ka zaɓa.