Yadda za ka rage zaman Facebook da TikTok ka koma karatu

Da farko shiga saitin waya: Digital Wellbeing a Android, Screen Time a iPhone. Nan za ka ga awannin da manhajojin nan ke cinye maka kullum. Sa musu iyaka, ko minti 30 ne.

Sai ka kashe sanarwarsu. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci, domin ɗan jan ɗigon nan da ke maƙale a kan manhaja shi ke jan yatsa ko ba ka yi niyya ba.

Kawar da su daga fuskar waya.

Sannan zaɓi marubuta biyu ko uku da tunaninsu ke burge ka, ka tara dogayen rubuce-rubucensu wuri guda. Duk sanda hannu ya kai ga waya, buɗe ɗaya ka karanta har ƙarshe.