Kada kuɗinka ya riga aiki: yadda na daina rasa barci a kan gyaran gida

Karon farko da na ba da kwangilar gyara, kicin ne da banɗaki ɗaya kawai. Mutumin ya ce sati uku, muka sha hannu, na ba shi fiye da rabin kuɗin a ranar. Sai da muka yi wata huɗu muna wanke-wanke a bokiti. Ba ɓarawo ba ne. Kuɗina ya ɗauka ya toshe ramin wani aikin da ya maƙale masa, sai na koma ni nake bin sa ina lallashi. A karo na biyu na canja tsari, kuma ga abin da na yi.

Kafin in kira kowa, na zauna na rubuta aikin ɗaki-ɗaki: bangon da za a fasa, inda famfo zai koma, soket nawa, wane irin tayil, fenti shafi nawa. Takardar nan ɗaya na ba mutum uku, na ce kowa ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. In ba haka ba, kowa gidan da ke cikin kansa zai yi wa farashi, ka rasa abin gwadawa. Wanda ya faɗo ƙasa sosai da sauran biyun, ka duba, akwai abin da ya tsallake, kuma zai dawo maka da shi bayan an fasa bango. Araha ba ta ado.

Ka je ka ga aikin wanda kake son ba kwangilar, amma ba wanda aka gama jiya ba. Nemi wanda ya yi shekara biyu. Ƙwanƙwasa tayil da makulli. Idan ya yi ƙara kamar ganga, babu isasshen siminti a ƙarƙashi. Duba gindin bangon banɗaki ta baya ko fenti ya kumbura. Mai gidan kuwa tambaya ɗaya nake masa: "Bayan ya karɓi cikon kuɗinsa, da abu ya lalace, ya ɗauki wayarka?"

Yanzu ga zancen kuɗi, inda duk ciwon kan yake. Kafin alƙalami ba na wuce kashi 20 cikin ɗari. Sauran na ɗaure shi da abin da ido ke gani, ba da ranar wata ba: an gama fashe-fashe da kwashe ɓaraguzai, a biya, an gama bututu da wayarin, a biya, filasta, tayil, fenti, haka dai. Da aiki ya kankama, a kowace rana aikin da ke ƙasa ya fi kuɗin da ya fita daga hannuna. Wannan kaɗai ya sa nake barci, don ko ya ɓace gobe, ina da abin ɗauko wani. Na kuma riƙe kashi 5 har wata shida bayan gamawa, saboda tsagewa da yoyo ba sa fitowa ranar miƙa makulli. Da na faɗa wa ɗan kwangilar ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Maigida, ba ka yarda da ni ba ke nan?" Na ce, "Malam, a manyan kwangiloli ma haka ake yi, mu rubuta mu huta." Muka rubuta, kowa ya sa hannu, har da ranar farawa da ta gamawa, da wanda neman izinin hukuma ya rataya a wuyansa in aikin na buƙata.

A gefe kuma na ajiye kashi 15 da ban gaya wa kowa ba. Tsohon gida sai an buɗe shi ake sanin cikinsa.

Babban abokin gabana kuwa bakina ne. "Tunda ana ciki, a ƙara taga nan." Wannan "tunda ana ciki" ta fi kowane magini cin kuɗi. Dokar da muka kafa: duk canji sai an turo saƙo da kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, na amsa, sannan a taɓa. Ni da matata muka daidaita cewa baki ɗaya ne zai riƙa magana da ɗan kwangila, kuma ba ma ba lebura umarni kai tsaye.

Ba sai ka tare a wurin kullum ba, sau ɗaya a sati ya isa, sai dai ranar da za a rufe wani abu. Kafin filasta ta hau, a saki ruwa a bututu a ga ko yana zuba, ka ɗauki hoton kowane bango da awo a jiki, don ranar da za ka buga ƙusa. Banɗaki a toshe magudana a cika daɓen da ruwa awa 24 kafin a sa tayil. Bangon da kake zargin yana ɗauke da nauyi, injiniya ne zai ce a fasa, ba birkila ba. Kankare kuma kada ka matsa musu: yana son ban ruwa na aƙalla kwana 7, ƙarfinsa da ake lissafi da shi sai kwana 28.

Ranar ƙarshe na zaga da takarda da biro, na buɗe kowane famfo, na gwada kowane soket da cajar waya, na zuba bokitin ruwa a banɗaki in ga inda zai gangara. Abu goma sha ɗaya na rubuta. Ya gyara su cikin kwana huɗu, sannan na biya, ban da kashi 5 ɗin da na riƙe.