Yadda Ake Gano Lambar Kwastam ta Kayan Marmarin da Aka Sarrafa

Duk mai shigo da kayan marmari daga waje ya kamata ya san cewa abin da aka yi wa 'ya'yan itacen kafin a ɗaure su shi ne ke nuna lambar da kwastam za ta ba su, kuma a kan lambar ake yanka kuɗin fito. Tsarin lambobin, wanda ake kira HS, na Hukumar Kwastam ta Duniya ne da ke Brussels, ya fara aiki a 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a duk ƙasashen da ke amfani da shi, sannan jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda Najeriya ke bi tun 2015, ya cika su zuwa goma.

Tsarin ya kasu babi-babi, kuma lambobi biyu na farko su ne babin; ka fara da raba babi na 8 da babi na 20. Ɗanye, busasshe da wanda aka daskarar suna babi na 8: dabino yana 0804, zabibi yana 0806 tare da inibin da aka samo shi, daskararren mangwaro kuwa yana 0811 ko da an zuba masa sukari. Idan sarrafawar ta wuce nan, kayan sun koma babi na 20. Wanda aka jiƙa da sukari har ya ƙame yana 2006, jam da markaɗen da aka dafa suna 2007, yankakkiyar abarba ta gwangwani tana 2008. Dabinon da aka lulluɓe da cakulan ya fita daga babukan biyu, ya faɗa babi na 18.

Ruwan 'ya'yan itace ne ya fi rikita mutane, don haka nan ya kamata ka natsu. Lambar 2009 ta ruwan da bai yi tsami irin na giya ba ne, wanda sinadarin maye a cikinsa bai haura kashi 0.5 cikin ɗari ba. A cikinta ana duba ma'aunin Brix, wanda ke nuna kaurin ruwan: na tuffa da bai wuce 20 ba yana 2009.71, wanda ya wuce yana 2009.79, amma iyakar na inibi 30 ce. Idan an tsinka shi da ruwa har ya zama abin sha mai ɗanɗanon lemo kawai, ya bar 2009 ya koma 2202, komai girman hoton lemon da ke jikin kwalin. Irin mazubin ma yana da nauyi a Najeriya, domin ruwan 'ya'yan itace da aka zuba a kwali ko kwalbar sayarwa ɗai-ɗai an taɓa sa shi cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, alhali kakkauran da masana'antu ke kawowa a durom an bar shi.

Saboda haka, tun kafin ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, a banki, ka nemi kamfanin da zai sayar maka ya aiko da takardar bayanin kayan, wadda ta ƙunshi abubuwan da aka haɗa da kason kowanne, hanyar sarrafawa, ma'aunin Brix da girman mazubi. Ka karanta bayanan da ke farkon kowane babi da kanka, domin ƙa'ida ta farko cikin ƙa'idoji shida na tsarin ta ce da su da kalmomin kanun lambar ake hukunci. A ganina kuskure ne babba mutum ya bar wa ejan zaɓen lamba saboda tana da sauƙin haraji, domin idan aka buɗe kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa aka ga saɓani, mai kaya ne zai biya cikon kuɗin da tara, kuɗin ajiya yana hawa a kansa kullum. In kayan sun shige maka duhu, ka nemi kwastam ta yanke maka lambar a rubuce kafin a yi lodi, sannan ka kammala rajistar NAFDAC.