Darasi na 9: Naman haƙarƙari irin na mutanen Kiriyol

Yau kicin za mu shiga, amma bari mu fara sanin inda girkin ya fito. A kudancin ƙasar Amurka akwai jihar Louisiana, a cikinta akwai birnin New Orleans a bakin kogin Mississippi. Faransawa ne suka kafa birnin a 1718, Sifaniyawa ma sun riƙe shi, sai a 1803 Faransa ta sayar wa Amurka da yankin. An kai bayi da yawa can daga Afirka ta Yamma, kuma yawanci su ne a bakin murhu, shi ya sa har yau abincin garin ba ya rabuwa da shinkafa da kuɓewa da barkono. Girkin da ya fito daga wannan cuɗanya shi ake kira na Kiriyol.

Su can da naman alade suke yin wannan girki, yankan haƙarƙari da ƙashinsa a jiki. Mu da ba ma cin alade sai mu sa na rago ko na akuya, kuma babu abin da zai ragu. Ki ce wa mahauci ya yanka miki haƙarƙari fale-fale, kauri kamar yatsa biyu, kar ya daddatsa shi gutsi-gutsi irin na miya. Yanka 6 zai ishi mutum uku.

Ki wanke naman ki tsane shi sosai, don jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, dahuwa yake yi. Ki shafe shi da gishiri, garin barkono, masoro, dakakkiyar tafarnuwa da ɗan tayim, ki barbaɗa fulawa cokali 2, ki ajiye minti 20.

Kafin nan ki yanka albasa babba 1, koren tattasai 2, da seleri (wani ganye ne mai ƙamshi da dogayen sanduna) sanda 2. Waɗannan ukun su ne ginshiƙin girkin Louisiana, kusan kowace tukunya da su ake farawa. In ba ki samu seleri ba ki ƙara albasa kawai. To a nan ne nake roƙonki, uwargida, ki riƙe hannunki, na san mun saba da markaɗe da jajjage, da an ce miya sai a nufi inji ko turmi, amma wannan da wuƙa ake yankawa ƙanana-ƙanana, ana so a gan su a cikin miyar a kuma ji su a baki. Tumatir 5 ma yankawa za ki yi.

Ki ɗora tukunya mai kauri, man gyaɗa cokali 3, ya yi zafi. Ki jera naman kar ki cunkusa, in tukunyar ƙarama ce ki yi sau biyu. Minti 4 kowane gefe, kuma ban da yawan juyawa, ki bar shi ya yi ja. Ki kwashe.

Yanzu dubi gindin tukunyar. Wannan jan abin da ya manne kamar ƙanzo, kar ki wanke, kar ki canza tukunya, duk daɗin girkin a nan yake. Ki zuba albasa da tattasai da seleri a kai, ruwan da za su fitar shi zai ɓamɓaro shi, kina kankarewa da cokalin katako har su yi laushi. Sai dai in ya yi baƙi ƙirin, wannan kam ya ƙone, ɗaci zai sa miki. Tumatir ya biyo baya, minti 5, sannan ruwa kofi 1 da rabi, ko romo in akwai.

Ki mayar da naman ciki, miyar ta kusa rufe shi, ki rufe tukunya ki rage wuta can ƙasa. In gawayi ne ki janye wasu garwashin. Minti 45 zuwa awa 1, ya danganta da dabbar, akuya ta fi daɗewa. In kin sa cokali kin ga tsoka tana sakin ƙashi to ya yi, fulawar nan kuma ta sa miyar ta yi kauri. Ki ɗanɗana gishiri, ki zuba a kan farar shinkafa.

Aikin gida: ki rubuta kayan haɗin a littafinki da adadin kowanne, sannan ki lissafa yanka nawa za ki saya in mutum tara ne a gidan.