Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen hanyar fitar da sauti a kwamfuta

Mutum ya sayi DAC mai kyau, ya tara waƙoƙinsa a FLAC, tsarin fayil da ba ya zubar da komai na sauti, ya shiga saitin manhajar da yake sauraro da ita a Windows, sai ya ci karo da jerin sunaye: DirectSound, WASAPI, ASIO, wani lokaci har da Kernel Streaming. Tun daga nan ake fara kuskure, domin da yawa sun ɗauka sunayen nan matakan inganci ne, wani na bisa wani. Alhali hanyoyi ne kawai da sauti ke bi daga fayil zuwa DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobi su zama abin da kunne ke ji. Babu hanyar da ke ƙara wa waƙa abin da babu shi a fayil. Abin da ya raba su shi ne hannu nawa ke taɓa sautin kafin ya isa.

Tun daga Windows Vista, wanda ya shiga kasuwa a 2007, duk sautin da manhajoji ke fitarwa yana haɗuwa ne a mahaɗa guda. Waƙarka, ƙarar shigowar saƙo, bidiyon da ke tafiya a burauza, duk a nan ake gauraya su, a mayar da su ma'auni ɗaya, sannan a miƙa wa na'ura. Wannan shi ne yanayin tarayya na WASAPI, kuma DirectSound ma ta nan yake bi yanzu. Ɗaya yanayin shi ne na keɓewa, wanda za ka ga an rubuta Exclusive a gabansa: manhaja ɗaya ta riƙe na'urar ita kaɗai, lambobin fayil su isa DAC yadda suke.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne cilla ma'aunin sauti zuwa ƙololuwa. Mutum ya buɗe saitin Windows ya ga na'urarsa na karɓar 192 kHz ko 384 kHz, sai ya zaɓi mafi girma, a ganinsa ya ƙure inganci. Amma yawancin waƙoƙin duniya a ma'aunin faifan CD suke, wato 44.1 kHz da bit 16, ma'aunin da Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982. Ma'anar 44.1 kHz ita ce ana auna igiyar sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma hakan ya isa ya riƙe sauti har 22.05 kHz, alhali kunnen matashi lafiyayye ma a wajen 20 kHz yake tsayawa. Idan ka tilasta wa mahaɗa ta fitar da 192 kHz, dole ta sake lissafa kowane awo na waƙar, ta ƙirƙiro na tsakani. Ba ta ƙara komai ba, ta dai sa hannu a abin da ba ya bukatar gyara. Ba na cewa sauyin zai lalata waƙar, domin Windows na yanzu ya iya wannan aikin fiye da na zamanin XP nesa ba kusa ba, amma wahala ce marar riba. Gyaran mai sauƙi ne: in waƙa ce yawan abin da kake ji, sa 44.1 kHz. In bidiyo da wasanni ne, sa 48 kHz, domin shi ne ma'aunin sautin fim.

Zurfin bit kuwa, wato yawan lambobin da ake rubuta kowane awo da su, shi ne wurin da ya dace ka ɗaga, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Kowane bit ɗaya yana daidai da desibel 6, don haka bit 16 na ba da kusan desibel 96 tsakanin shiru da iyakar ƙara. Duk lokacin da ka rage ƙara daga cikin kwamfuta, lissafi ake yi a kan lambobin, kuma in mafitar tana kan bit 16, ƙananan bayanai ne ke zubewa. In ka sa ta a bit 24, waƙar CD ta sami rarar bit 8, kusan desibel 48 ke nan da za ka iya ragewa ba tare da asarar da kunne zai kama ba. Saboda haka bit 24 da 44.1 kHz ya fi bit 16 da 192 kHz amfani ga mai sauraron waƙa.

Sai maganar ASIO, wadda ta zama kamar sunan girmamawa a bakin masu son sauti. Kamfanin Steinberg na Jamus ne ya fito da shi a 1997, kuma don masu ɗaukar sauti a situdiyo ya yi shi, mutanen da ke bukatar su taɓa kayan kiɗa su ji amsa nan take. Matsalar da ya zo magancewa jinkiri ce. Mai sauraro ba shi da wannan matsalar, don waƙa ta fara bayan rabin daƙiƙa ba abin da ya ragu. In kamfanin da ya ƙera DAC ɗinka ya ba da direban ASIO nasa, yi amfani da shi, babu laifi. Abin da nake hanawa shi ne ɗauko ASIO4ALL a ɗora wa na'urar da ba ta da ASIO. Wannan riga ce kawai da ake sa wa direban Windows na asali don manhajojin situdiyo su gane shi. Ka ƙara tsani ɗaya a hanya, ka ƙara wurin da abu zai iya lalacewa, kuma iyakar abin da za ka samu shi ne abin da WASAPI na keɓewa ke bayarwa tun farko.

Daga wannan tunanin na situdiyo ne wani kuskuren ya samo asali, na matse ma'ajin wucin gadi, wato bafa, inda ake ɗan tara sauti kafin a miƙa wa na'ura, don a rage jinkiri. Sai ka ji waƙa na ƙas-ƙas ko tana yankewa duk sanda aka buɗe wani shafi, mai ita kuma ya ɗora laifin a kan waya ko DAC. Ƙara girman bafa, ƙas-ƙas ɗin zai ɗauke.

Yanayin keɓewa shi ma yana da nasa tarkon, kuma wannan da kunnena na koye shi. Ranar da na fara gwada shi, hedifon na kaina, alamar ƙarar Windows tana ƙasa sosai kamar yadda na saba bari. Ina danna waƙa sai sautin ya daki dodon kunnena da cikakken ƙarfinsa, na fizge hedifon ɗin na jefar a kan tebur, kunnuwana suka yini suna shuu. Na'urar tawa ba ta da makunnin ƙara da Windows ke iya juyawa, kuma tunda an kauce wa mahaɗa, ragin da nake dogara da shi ya tafi tare da ita. Don Allah, kafin ka kunna wannan yanayin, cire hedifon daga kai, ka mayar da ƙarar amfilifaya ƙasa, sannan ka ɗaga a hankali. Ka kuma sani cewa muddin waƙa na tafiya, sauran manhajoji za su yi tsit, har da kiran da kake jira. Wasu kan ɗauka kwamfutar ce ta lalace. In kana aiki kana sauraro, tarayya ta fi maka. Ka ajiye keɓewa sai lokacin da ka zauna don waƙar kaɗai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin mutum na ta muhawara a kan ASIO da WASAPI, alhali ainihin ɓarnar tana wani wuri. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da kayan ƙawata sauti a kunne: mai daidaita ƙara, mai kumbura bas, sautin kewaye irin Windows Sonic, da manhajar da kamfanin kwamfutar ya ɗora. Mai daidaita ƙara yana ɗaga wurin da mawaƙi ya yi ƙasa da murya, ya danne wurin da ganguna suka tashi, waƙar ta zama shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba sauka. Wannan kowane kunne zai ji shi. Sau da yawa wanda ya koma keɓewa ya ce sauti ya buɗe, waɗannan ne ya tsallake bai sani ba. Kashe su duka, sannan ka sake kwatantawa.

Haka Bluetooth. Sautin CD na tafiya a kilobit 1,411 a daƙiƙa, a cikin hanyoyin matse sauti na Bluetooth kuwa LDAC na Sony iyakarsa 990, SBC da AAC ƙasa da haka sosai. Ko wace hanya ka zaɓa a kwamfuta, sai an matse sautin kafin ya bi iska. Mafi muni shi ne idan wata manhaja ta buɗe makirufon hedifon ɗin: nan take yake komawa yanayin kiran waya, sauti ya dawo layi ɗaya, ba bambancin hagu da dama, cikin ma'aunin 8 ko 16 kHz. In waƙa ta koma kamar daga cikin gwangwani take fitowa, duba wace manhaja ce ke riƙe da makirufo.

Masu Mac su duba Audio MIDI Setup, a nan ake saita ma'aunin. A Linux, miƙa sauti kai tsaye ga ALSA, wato direban sauti na asali, shi ne kwatankwacin keɓewa, mahaɗar PipeWire kuma ana iya saita ta ta riƙa bin ma'aunin fayil. Masu fayilolin DSD, wani tsarin adana sauti na daban, da ke tura su ta DoP, wato a naɗe cikin lambobin sauti na yau da kullum tare da wata alama, su ne waɗanda keɓewa ta zama musu dole, domin ko ƙara aka taɓa kaɗan, DAC ba zai gane alamar ba, sai shuu ko shiru.

In za ka gwada hanyoyi biyu, daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne kan ɗauki wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau, ko da bambancin bai kai desibel ɗaya ba. In kuma DAC ɗinka na da allo ko fitilar da ke nuna ma'auni, kunna waƙar 44.1, ka bi ta da ta 96, kana kallonsa. In lambar ta sauya tare da waƙar, sautin na isa a ma'auninsa. In ta tsaya cak, mahaɗa na tsakani, sai ka koma saitin manhajar ka duba mafitar da ka zaɓa.