Ba kowane shiru ne kunya ba: kurakuran da muke yi da ƙwaƙwalwar yaranmu

Na daɗe ina koyar da 'yan nazare da aji ɗaya a wata makaranta nan Tudun Wadan Zariya, kuma wallahi abin da yake ci min rai shine saurin da muke yi wajen laƙaba wa yaro suna. Wannan dolo ne, wancan ƙiriniya ce ta yi masa yawa, waccan miskila ce irin gwaggonta, shikenan an rufe magana, babu mai sake tambayar me ke damunsa.

Na farko dai maganar nan ta "ai zai yi magana, babansa ma sai da ya shekara huɗu". Kakanni ne suka fi faɗinta kuma da kyakkyawar niyya, amma ta sa an makara da yara da yawa. Ɗan shekara ɗaya ya kamata yana gwaranci, yana nuna abu da yatsa, in an kira sunansa ya waiwayo. Wata 18 a ji kalma ko da 'yan kaɗan ne, shekara 2 ya fara haɗa biyu, irin su "Umma ruwa". Akwai wani yaro da aka kawo min ajina ya haura shekara huɗu, zai zauna a lungu yana jera murafen kwalbar lemo layi ɗaya, in ka gusar da ko guda ɗaya kuka kamar an yanka shi, in aka tada injin markaɗe a maƙota sai ya toshe kunne da hannu biyu, ba ya haɗa ido da kowa. Mamansa tace min a gida cewa ake jifa aka yi masa. Da ƙyar na lallaɓa ta suka je asibiti, aka fara da gwajin ji, don sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai duk suna iya taɓa kunne, kuma yaron da ba ya ji ta ina zai koyi magana? Nasa kunnen lafiya lau, daga baya likita yace otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga. Ba allurar rigakafi ke kawo shi ba, ba sakacin uwa bane, ba hannun kishiya bane. Ba ya da maganin da za a sha ya tafi, horon magana da na mu'amala ake yi, kuma in aka fara da wuri yaro yana samun sauƙi sosai.

Tunda na ambaci shawara, dan Allah masu jego in idon jinjiri ya yi ɗorawa a kai shi asibiti a ranar, a daina jiran jiƙo, a kuma cire kafur daga kayansa. Shawarar da ta yi tsanani tana lalata ƙwaƙwalwa har abada.

Sai batun aljanu. Ni ban ce a bar addu'a ko ruƙiyya ba, muma muna yi wa namu tofi safe da yamma, amma a yi shekara biyu ana hayaƙi da rubutu ba a taɓa leƙa asibitin Shika ko na Banzazzau ba, wannan kam mun cuci yaro. Farfaɗiya ce ta fi shan wannan wahalar. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da magani, kuma ba a ɗauka ta yawu, sai kaga yaro ya faɗi kowa ya watse, wanda ya tsaya kuma yana cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye. Kar a sa komai a bakinsa, kar a ɗura masa ruwa ko manja, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, in jijjigar ta wuce minti 5 a nufi asibiti.

Ƙiriniya kuwa kowane yaro yana da tasa. Wanda ake duba wa shine wanda a gida haka, a boko haka, a Islamiyya haka, wata shida ko fiye ba ya iya zama, ana magana hankalinsa ya tafi, kullum ya yar da fensir ko takalmi. Dorina ba ta gyara wannan, na gwada tsawa a farkon aikina kuma kunya nake ji in na tuna. A ba shi umarni ɗaya gajere, in ya yi a yaba masa, sannan a ba shi na gaba. A rage masa waya kuma, ƙasa da shekara 2 ma bai kamata a miƙa masa ba.

Wanda muka fi rainawa shine damuwa, "yaro me ya sani, ci yake nema ko sha?" Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke farawa. Yaro ba zai ce miki Umma ina cikin damuwa ba, jikinsa ne zai faɗa. Ciwon ciki kullum da safe in za a tafi makaranta, ranar Asabar garau. Yarinyar da ta daina fitsarin kwance tuntuni ta dawo tana yi bayan an saki uwarta ko an kai ta riƙo, sai a ɗora mata tabarma a ka ana kiranta amalala, Allah sarki, an ƙara mata wani a kan wani. Ki zauna da ita lokacin da ba kowa, kina mata kitso ko kuna tsince shinkafa, ki tambaya wa ke takura mata, kuma in ta fara faɗa kar ki katse ta da faɗa ko da sunan ɗan gida ta kira.

In za ku asibitin ku tafi da katin rigakafinsa, ku ɗauki bidiyon abin da yake yi a waya tun a gida, don sau da yawa yaro yana shiga ofishin likita sai ya nutsu tsit kamar ba shi ba.