Yadda Ake Gano Matsalar Bayas a Amfilifaya Mai Bawul da Ke Aiki da Batir

Bayas shi ne ƙarfin lantarkin da ke daidaita yawan wutar da ke ratsa bawul, wato kwalbar gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti a amfilifaya. Fara da auna batirin yayin da na'urar ke kunne, domin zaren dumama na bawul 12AU7 kaɗai yana jan miliamfa 150 a bolt 12.6, kuma batirin da ya nuna cikakken ƙarfi a ajiye yakan sauka da zarar an ɗora masa kaya. Sannan, don auna bayas, ka ɗora mita a kan rasistar katod, wato sashen bawul da zaren ke dumamawa. Bolt 1 a kan om 1,000 yana nufin miliamfa 1. Idan mita ta nuna sifili alhali zaren ya yi ja, duba waldar rasistar anod, wato sashen bawul da ke karɓar wutar da ta fito daga katod, domin sau da yawa a wurin ne walda ke sakewa. Bawul 12AX7 kuwa, a ganina, ɓata lokaci ne idan bolt 12 kawai ake ba anod ɗinsa, saboda da ƙyar wuta ke ratsa shi.